In jirgi ya busa ƙaho, sauka ake yi

Bur Sa'id, ranar Talata bayan azahar

Zuwa ga yayata kuma uwata Abla Nawal, Ummu Tamir, a can Kanada ƙasar ƙanƙara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa wadda ta fi ruwan mashigin jiragen garinmu, da fatan takardar nan zata same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Tamir da matarsa da jikokinki. Allah ya raba ki da ciwon ƙafar nan, ya hana sanyin mutanen nan shiga ƙashinki. Allah ya jiƙan mijinki Hilmi ya haskaka kabarinsa, na je masa ziyara ranar Juma'a na cire ciyawa na zuba ruwa, wannan kar ki sa shi a ranki, ƙaninki na nan. Mu nan alhamdulillahi. Matata Ummu Rida gwiwa ta matsa mata, hawa bene sai ta huta sau uku, amma bakinta lafiyarsa ƙalau, tun asuba yake aiki a kaina. Rida na nan a tashar jiragen ruwa, wai an ƙara masa girma, yanzu shi ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye makullai. Ki yi haƙuri da rubutun, Ummu Rida tace kamar kiyashi sun faɗa tawada sun fito da gudu. Nace mata aji uku nayi na gudu teku, kuma da aji ukun nan na sayar wa Bature kaya da yare bakwai. Inda baki gane ba ki ƙaddara abin kirki na rubuta.

Zaki ce me ya sa Shahata ya ɗau biro ga waya a aljihunsa. To a waya kina katse ni, ni kuma da naji muryarki sai in fara barkwanci maganar ta gudu. Wannan kuwa bana so ta gudu. Maganar ƙanin mijinki ce, Rayyis Arabi. Yana da rai, ki zauna tukuna. Amma ƙashin ƙugunsa ya karye, kuma ɗansa Wa'il ya ɗauke shi ya kai shi Alƙahira, ya rantse bazai ƙara kwana a Bur Sa'id ba, ni kuma yace kar in ƙara taka inda babansa yake. Abla in aka bar Arabi a can bazai kai ƙaramar sallah ba, wallahi ni na faɗa miki. Wa'il baya jin maganar kowa a duniya sai taki, ke kika shayar da shi tare da Tamir lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo. Shi ya sa zan baki labarin tun daga kai, harda wajen da bai yi mini kyau ba, kinsan kuwa ba kasafai nake bada irin wannan ba.

Tun bara mantuwa ta fara kama shi. Da farko makulli ne, sai sunan titi, sai rannan ya fita sayo burodi aka tsinto shi a bakin ruwa yana jiran wani jirgin Girka da aka farfasa aka sayar da ƙarfensa tun Rida na goye. Tun lokacin Wa'il ya so ɗauke shi. Mu uku muka tare shi, ni da Ramzi da Hajji Mitwalli, mukace shekara arba'in muna bambuti, tallar kaya a gindin manyan jirage, tare da babanka, kwale-kwale ɗaya igiya ɗaya, bamu bar shi ya nutse a ruwa ba bazamu bar shi ya nutse a tudu ba. Muka raba aiki. Ramzi da safe sabida shi ne mai haƙurin magani, Mitwalli abinci sabida wannan ne kawai ilimin da Allah ya bashi, ni kuma da yamma in kai shi shagon gahawa in bar shi ya cinye ni a domino. Abin ya tafi daidai, ba wanda zai ce bai tafi daidai ba.

Sai ɗan 'yar'uwar Ramzi da ke aiki a kamfanin tafiye-tafiye yace akwai wani babban jirgin shaƙatawa da zai ɗauki fasinja daga nan, mako guda a Bahar Rum, Kubrus da tsibiran Girka, ya dawo. Shawarar tawa ce, bazan ɗora wa kowa ba. Kinsan abin da wannan yake nufi a wajenmu. Rayuwarmu duka a gindin waɗannan jiragen muka yi ta, wuya a sama, muna wurga igiya muna tura kwando da raƙuman katako da hular dara, su kuma suna leƙo mu. In an yi mana alfarma an bar mu mun hau, to mu baza kaya a wani lungu a ƙasa, kujera ba tamu bace. Arabi tun muna samari yake cewa wata rana shi ma sai ya leƙo daga sama. Wa'il yace sam. Na kira shi nace ɗana babanka a wuyana yake. Yace Ammu Shahata, in ya dawo lafiya na bar muku shi har abada, in kuwa ko ƙwarzane ya samu zan ɗauke shi kuma bana son magana. Nace ƙwarzane, a hannuna, ni da na taɓa ciro Baturiya mai nauyin firji biyu daga mashigi da hannu ɗaya? Yace Ammu bara da hannu biyu ka ciro ta. Muka yi dariya, ya yarda.

Ranar shiga jirgi da kin gani Abla. Na sa farin kwat ɗin bikin Rida, 'yan shagon gahawa duk suka rako mu har ƙofar tasha ina ɗaga musu hannu kamar gwamna. Jirgin hawa goma sha huɗu ne, in ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai sai hula ta faɗi. Aka sa mu a lifta, ina jira mu yi sama, ashe ƙasa muke yi. Ɗakunanmu biyu can cikin hanjin jirgi, ba taga, baka sanin rana ta fito ko ta faɗi. Mitwalli ya kanga kunne a bango yace ga ruwa nan yana ji, yace kai Shahata Allah ya saka maka, shekara arba'in muna roƙon Allah mu hau sama, ka kwaso mu ka maido mu daidai inda kwale-kwale ke tsayawa, bambancin kawai yanzu an rufe mu da ƙofa. Nace kai buhun albasa, da gangan aka sa ka a ƙasa don kar jirgi ya kife.

Muka hau can saman rufi inda ake shan iska, aka kawo mana lemo da 'yar lema a cikin kofin, muka miƙe ƙafa kamar ubanmu ne ya ƙera jirgin. Ga Bur Sa'id a ƙasa 'yar ƙarama, har benenku na da na hango. Wajen la'asar sai jirgi ya busa ƙahon tashi. Abla kafin ƙahon ya ɗauke mu huɗun muna tsaye. Mitwalli ya kama kusurwa huɗu na ƙyallen tebur ya naɗe da kofuna da komai ya saɓa a kafaɗa, Ramzi na laluben takalmi, ni kaina, ni Shahata, na tsinci kaina a bakin matakala. Kinsan dokar sana'a, in jirgi ya busa ƙaho ka tattara ka bi tsanin igiya ka sauka, in ka tsaya sai dai ka ganka a Malta ba fasfo ba wando na biyu. Shekara nawa da barin aikin amma jiki bai manta ba. Da muka ankara muka dinga dariya har Ramzi ya zauna a ƙasa, Turawa na kallonmu, mai kawo lemo na neman kofunansa a ƙullin Mitwalli. Arabi ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya riƙe hannun kwat ɗina yana cewa mu sauka mana, za a tafi da mu. Nace Rayyis ai don a tafi da mu ɗin muka zo, yau mu ne Turawan. Ya dube ni, ya dube ni, sannan ya zauna. Na gani Abla. Tun ranar na gani, sai na maida shi abin bada labari.

Bazan ce ba a ji daɗi ba. Abinci kam tebur ne daga nan har kasuwar kifi, ka ɗiba ka koma ba mai hararar ka. Mitwalli ya ci faranti biyar ranar farko, washegari mutumin da ya tsufa a kan ruwa ya kwanta da jiri da amai, wai babban jirgi baya rawa a fili yadda ya kamata, a ɓoye yake yi kamar munafuki. Ramzi kuwa ranar Laraba da Juma'a azumin cocinsu yake, ga naman duniya a gabansa yana cin dafaffen dankali yana mana kallon 'yan wuta. Kifinsu fari fat ba kai ba ƙaya, baka ma san waye ubansa ba. Shayi kuwa wani ganye ne mai zare a ruwa mai ɗumi-ɗumi, na roƙi a tafasa mini shi a tukunya aka kalle ni kamar na nemi makullin kyaftin. Akwai kanti a ciki, na shiga naga raƙumin katako irin namu sak, na juya gindinsa ashe ɗan ƙasar Sin ne, na fara taya shi don in motsa baki kawai, matar kantin ta kira maigidanta wai ina damunta. Jirgi guda ba mai ciniki, kowa ya biya ya wuce kamar a kantin magani.

Amma safiyar farko a tsakiyar teku, wannan ita ce. Abla ashe mu ba 'yan teku bane, 'yan bakin teku ne. Duk ƙaryar da muke yi a shagon gahawa ba wanda ya taɓa yin nisan da zai daina hango gari. Ranar muka fito ba tudu ko ta ina, ruwa shuɗi har ya haɗu da sama. Kuma Arabi ya dawo. Wallahi ya dawo. Ya kira kowa da sunansa, ya tuna Mitwalli ya taɓa faɗawa ruwa da faranti goma sha biyu na tagulla a cikin riga, ya tare wata tsohuwa 'yar Italiya ya dinga zuba mata yarenta har ta riƙe ciki, ya zagi mai kawo abinci da Girkanci cikin ladabi, mutumin ya rungume shi. Nace da Ramzi ka gani, likitocin Alƙahira shekara guda sun kasa, ni kwana ɗaya na warkar da shi. Da muka shiga Kubrus ya je ya jingina da ƙarfen gefe ya leƙa ƙasa ya daɗe. Na tambaye shi me yake nema yace 'yan kwale-kwale, ya yi niyya duk wanda ya wurgo masa igiya zai saya a farashin farko ba tayi, sau ɗaya a rayuwarsa wani ya koma gida da murna. Ba ko ɗaya. Siminti ne kawai da motocin ɗaukar kaya. Yace to me ake leƙawa daga nan ɗin. Sai nace mu je mu ci kankana.

Ƙahon tashi daga Kubrus shi ne ya fito da abin fili. Muna cikin mutane ya fizge hannunsa, yana kuka Abla, kukan hawaye, yana cewa Hilmi na ƙasa yana riƙe da kwale-kwale, igiyar zata ja shi ƙarƙashin jirgi, a bar shi ya sauka. Ki yafe mini da na rubuta miki wannan, amma sunan mijinki yake kira. Kinsan haka suke yi, Hilmi a ƙasa shi a sama. Sai da mu biyu, ni da Ramzi, muka rungume shi har ƙarar ta wuce. Bayan nan Ramzi ya zaunar da ni yace a gaya wa likitan jirgi. Nace in aka gaya masa kulle shi za su yi, ko su sauke shi su kira Wa'il, shikenan mun rasa shi. Yace to aƙalla ga dabara, ya samo takardar da ke nuna lokacin tashi daga kowane gari ya zagaye da jan biro, saura rabin awa a sauko da Arabi ɗakin nan namu mara taga a ƙure talabijin, can ƙasa ƙahon baya kaiwa sosai. A tsibiri na gaba muka yi haka, lafiya lau, bai ma san an tashi ba. Na dinga cewa dabarata ta yi aiki. Ta Ramzi ce. Ɗakin da muke zagi shi ne maganin.

Rana ta biyar muna tsibirin Rodos. Mun zaga gari mun dawo, Arabi ranar kamar ango. A saman rufi ana kiɗa, wani mai makirfo yana kiran kowa ya fito ya nuna rawar ƙasarsu. Wani tsoho ɗan Italiya ya fito ya ɗan jujjuya kamar mai neman makullinsa aka tafa masa. Nace waɗannan basu taɓa ganin rawa ba. Arabi ya ɗau cokula biyu a kan tebur ya fara kaɗa su a gwiwa, irin yadda ya kaɗa a bikinki, hannun nan bai manta ko ɗaya ba. Ni kuma na shiga fili na yi musu rawar bambuti, in wurga igiya, in jawo kwando, in yi tayi da yatsu, in rantse da idona. Abla filin ya kama wuta. Mutum ya fi ɗari, kowa ya ɗaga waya. Ramzi ya zo da takardarsa yana nuna mini agogo, saura minti ashirin, nace saura zagaye ɗaya. Ya sake dawowa saura goma, ya kama hannun Arabi, Arabi ya ƙi sakin cokula yana dariya. Ni kuma nace kai Ramzi tun da aka haife ka kake jiran jana'iza, bar mutum ya ji daɗi, je ka buɗe ɗaki ka kunna talabijin, ni zan sauko da shi da kaina yanzun nan. Ya dube ni ya tafi. Mitwalli na kwance can ƙasa a ɗaki da bokitin amansa. Mutane suka ce a ƙara. Na ƙara.

Na juya baya ina jawo kwandon ƙarya aka busa ƙaho. Da ya ɗauke sai naji ba ƙarar cokula. Na waiga, ga cokulan a kan kujera an jera su. Shi kuma yana can jikin ƙarfen gefe, ƙafa ɗaya ta riga ta tsallaka, ya juya wa teku baya yadda yake sauka tun yana saurayi, yana laluben tsanin igiya da ƙafarsa, yana cewa Hilmi riƙe gani nan. Kinsan duk mashigi ba wanda ya kai shi saurin sauka. Na ruga, wallahi na ruga, na cafki wuyan kwat ɗinsa. Kwat ɗin ne ya rage a hannuna. Allah ya sa ta wannan gefen ba ruwa bane a ƙasa, wani hawa ne da ya fito waje inda ake jera kujeru, tsayin mutum biyu da wani abu. Ƙarar da naji bazan rubuta miki ita ba.

Jirgi ya riga ya saki igiya, sai aka tsaya a bakin tasha aka kira wani ƙaramin jirgi daga tudu. Suka ɗaure shi a gadon ɗaukar marasa lafiya suka zura shi ƙasa da igiya ta wata ƙofa a gefe. An yi masa allura ya ɗan lafa, yana lilo a iska sai naji yana ce wa ma'aikatan a hankali, kaya ne masu fashewa, abin da muke faɗa in kwando na ɗauke da faranti. Mutum ɗaya aka yarda ya bi shi, na bi. Da muka zauna a ciki ya kamo yatsana yace ban gaya maka ba, ga kwale-kwale nan yana jira. Ya kalli mai tuƙin, wani Bagirke mai tumbi, yace Hilmi ka yi ƙiba. Nace haka ne Rayyis, kai ke da gaskiya. Ramzi da Mitwalli suka ƙarasa kwana biyun a jirgi da akwatinsa, Ramzi yace ko rufin basu ƙara hawa ba.

Bayan kwana biyu Wa'il ya iso asibitin tsibirin. Zan gaya miki abin da nayi tunda nace harda wajen da bai yi kyau ba. Nace masa ƙasa ce a jiƙe, santsi ya kwashe shi, laifin masu jirgi ne, sai na maka su a kotu na karɓe har cokulansu. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ciro waya, ashe masu jirgin sun turo masa hoton bidiyon wajen. Ga ni nan a tsakiya da farin kwat ina juyi. Can a gefe ga babansa ya miƙe, ya jera cokula, ya nufi ƙarfen. Ba gudu ya yi ba Abla, tafiyar tsoho ya yi, a hankali, har ya tsaya ya kauce wa wata mata. Da na waiga sau ɗaya da na gan shi. Wa'il ya kashe wayar yace Ammu rawarka ta yi kyau. Iyakar abin da yace kenan. Da mari ya yi mini da na gode masa.

Alhamis ɗin da ta wuce muka shiga mota ni da Ramzi muka je Alƙahira, da gasasshen kifi daga kasuwarmu da shinkafar da Ummu Rida ta dafa da albasa yadda yake so. Wa'il yana wata sabuwar unguwa can cikin hamada, benaye duk kama ɗaya, hawa na tara. Mai gadi ya tare mu yace wanene Shahata a cikinku, an ce masa mai gashin baki da surutu. Karo na farko a rayuwata aka kira sunana ban ce gani ba. Ramzi ya hau, ni na zauna a bakin titi awa biyu ina kallon yashi. Kar ki ce Wa'il mugu ne, ba mugu bane. An yi aiki an sa ƙarfe a ƙugun, ya ɗau ma'aikaciyar jinya, ya sayi gado mai tashi da maɓalli, matarsa na iya ƙoƙarinta. Amma likita yace ya kamata ya fara tsayuwa ya ƙi, ya juya fuska bango, baya magana, miya cokali biyu ya rufe baki. Ramzi yace ya rame har zoben hannunsa an cire an ajiye. Da ya buɗe kwanon kifin ƙamshi ya tashi sai Arabi ya juyo, ya ci rabi da hannunsa, shi ya cire ƙayar da kansa, ma'aikaciyar ta kira matar gidan ta zo ta gani. Sai ya tambayi Ramzi wane jirgi ne ya shigo yau. Ramzi ya leƙa taga ba komai sai yashi da injinan gini, yace na Girka ne. Arabi yace buɗe tagar in ji. Ya buɗe. Ya kasa kunne ya daɗe, sannan yace nan ba ruwa, ya koma bango. Da Ramzi ya sauko na tambaye shi ko ya tambaye ni. Kinsan Ramzi ƙaryar jirgin Girka ma sai da ya yi ta istigfari irin nasu, bazai yi ta biyu a rana ɗaya ba. Yace a'a.

To ga roƙona Abla. Ba cewa nayi ki nema mini yafiya ba, wannan ban cancanta ba kuma ba shi ne da gaggawa ba. Ki ce wa Wa'il ya maido shi gida. Mitwalli ya kwashe kayan ɗakinsa na ƙasa, ba matakala ko ɗaya, titi biyu ne tsakaninsa da ruwa, har ya yi fenti. Ma'aikaciyar jinyar ta biyo shi in yana so. Ramzi zai riƙe safe da yamma duka, Ummu Rida tace girki nata ne ko da rarrafe. In yana tsoron ƙaho ki gaya masa a tudu ƙaho bai taɓa tada wa babansa hankali ba, shekara saba'in da shi yake barci da shi yake tashi, a kan jirgi ne kawai yake nufin sauka, kuma ba mai ƙara ɗora shi a jirgi. Ni kuma ki ce masa na rantse da Alƙur'ani bazan taka gidan ba. Zan bar musu shagon gahawar, akwai wani can bayan tashar mota inda ba wanda ya san ni, shayinsu ba daɗi amma zan saba. In an turo shi a keke ta wannan titi zan bi wancan. Kar ya ji tsoron babansa zai yi kewata, ya riga ya fara manta ni, wata ɗaya ya isa ya ƙarasa, bazai ji ciwon komai ba. Na ga Bur Sa'id daga sama, ba ƙarama bace yadda ta nuna, zata ɗauke mu mu biyu ba tare da mun haɗu ba.

Ki gaida Tamir da kyau, ki ce masa kawunsa yace ya rage aiki ya ƙara cin abinci. Ki gaida matarsa Shirin, da Malak da Yasin, ki sumbace mini kawunansu. Ummu Rida na gaishe ki tana cewa man zafin da kika aiko ya ƙare. Rida da iyalinsa na gaisuwa, Ramzi da Hajji Mitwalli ma sun ce in sa sunansu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki kira Wa'il da safe kafin ya fita aiki, lokacin ya fi sauƙin kai. Kar ki fara da sunana, in da hali ma kar ki ambace shi sai ya tambaya.

Ƙaninki,
Shahata Abu Rida